Daƙiƙa Uku a Gaban Ido: Na'urorin da ke Auna Halin Ƙwaƙwalwa Bayan Buguwar Kai

Duk wanda ya taɓa raka wanda ya yi haɗarin mota ko na babur zuwa asibiti ya ga wannan aiki, ko da bai san ma'anarsa ba. Kafin a gama yankar kati, kafin a goge jinin da ke fuska, likita ko nas zai sa babban yatsa ya ɗaga fatar idon majinyacin, ya zaro 'yar ƙaramar tocila daga aljihu, ya haska wannan ido, ya haska wancan. Duka-duka abin ba ya wuce daƙiƙa goma. Amma a cikin waɗannan daƙiƙun ake fara yanke shawarar ko mutumin zai iya jira, ko kuwa a ruga da shi ɗakin hoto, daga can a wuce ɗakin tiyata.

Abin da ake dubawa shi ne baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido. Kafa ce da haske ke shiga ta cikinta. A jikin mai lafiya tana tsukewa da zarar haske ya faɗa mata, ta sake buɗewa idan aka kawar da shi. A wuri mai haske faɗinta yakan tsaya tsakanin milimita 2 zuwa 4, a cikin duhu kuwa yakan kai 8. Idan ɗigon ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, ko ya yi nawa wajen tsukewa, ko ya wage ya ƙi motsi sam, to akwai yiwuwar ƙwaƙwalwa ce ta shiga matsi.

Sama da shekara 150 ke nan likitoci na dogaro da wannan alama. Sai a shekarun baya-bayan nan bincike ya tona cewa idon mai dubawar shi ma yana kuskure fiye da yadda ake zato. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga wasu ƙananan na'urori na hannu, waɗanda ke mayar da abin da a da ake kintata da ido zuwa lamba da za a rubuta, a ajiye, a kwatanta da ta awa ɗaya da ta wuce.

Hanyar da haske ke bi

Idan haske ya shiga ido, yakan sauka a kan tantanin da ke bangon baya. Daga nan jijiyar gani ta ɗauki saƙon zuwa wani sashe na tushen ƙwaƙwalwa, can ƙasa kusa da inda ake sarrafa farkawa da numfashi. Amsa kuma ta dawo ta wata jijiya dabam, wadda likitoci ke kira jijiya ta uku daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ita ce ke umartar zoben naman da ke kewaye da ɗigon ya tsuke. Tafiyar da dawowar kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa. Kuma da yake saƙon na rabuwa zuwa ɓangarori biyu, in aka haska ido ɗaya, duka biyun ne ke tsukewa tare.

Mutum ba ya iya hana wannan motsi, ba ya kuma iya ƙirƙirarsa. Shi ya sa yake da daraja ga likita: wanda ke cikin doguwar suma, wanda aka sa wa na'urar numfashi, har wanda aka yi wa allurar da ke saki da dukkan gaɓɓansa, duk ɗigon idonsu na iya ba da amsa.

Dalilin da buguwar kai ke taɓa wannan hanya kuwa yana cikin ginin ƙoƙon kai ne. Tun a 1783 wani malamin likitanci a Edinbara ta Sikotlan, Alexander Monro, ya bayyana cewa ƙoƙon kan baligi rufaffen wuri ne da ba ya miƙewa, kuma George Kellie ya ƙarfafa maganar a 1824. Abu uku ne a ciki: ƙwaƙwalwa, jini, da ruwan da ƙwaƙwalwar ke ciki. Wurin kamar motar kasuwa ne da aka cika maƙil, in fasinja ɗaya ya ƙaru, dole a matse wani. Idan jijiyar jini ta tsinke, jini ya taru, ko naman ƙwaƙwalwa ya kumbura, da farko jiki zai rage ruwa da jinin da ke ciki don a samu sarari. In wannan dabara ta ƙare, sai ƙwaƙwalwar kanta ta fara gocewa daga mazauninta.

Akwai wani tantani mai tauri da ya raba saman ƙwaƙwalwa da ƙasanta, yana da baki a tsakiya. Jijiya ta uku tana wucewa ne daf da wannan baki. Sashen ƙwaƙwalwa na saitin kunne, idan aka turo shi, ta nan yake zamewa, kuma abu na farko da yake dannewa shi ne wannan jijiya. Zaren da ke tsuke ɗigon ido a gefen waje na jijiyar suke, don haka su ne ke fara jin jiki. Ɗigon ɓangaren da jinin ya taru sai ya fara nawa, ya ƙara faɗi, daga baya ya tsaya cak. In matsin ya ci gaba, na ɗaya ɓangaren ya bi sahu, sannan numfashi ya rikice. Wani likitan tiyata na Landan, Jonathan Hutchinson, ya siffanta wannan alama a shekarun 1860, kuma har yau da sunansa ake kiranta a littattafan likitanci.

Me ya sa ake gaggawa

Mafi yaudara a cikin raunukan kai shi ne jinin da ke taruwa tsakanin ƙashi da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, galibi bayan bugu a gefen kai, sama da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri kuma wata jijiyar jini ke kwance a ƙarƙashinsa. Mutum na iya faɗuwa, ya tashi, ya kakkaɓe jikinsa, ya ce buguwa ce kawai, alhali jini na tsiyaya a ciki.

Haka ta faru da Natasha Richardson, fitacciyar 'yar fim ta Ingila. A ranar 16 ga Maris 2009 ta faɗi a wurin koyon wasan zamiya kan ƙanƙara a Mont Tremblant da ke Kanada. Ta miƙe tana magana, ta ƙi a kai ta asibiti. Bayan 'yan sa'o'i ciwon kai ya taso mata, aka kwashe ta zuwa wani ƙaramin asibiti, daga nan zuwa Montreal, daga bisani New York. Ta rasu ranar 18 ga watan tana da shekara 45, kuma binciken gawa ya tabbatar da cewa irin wannan taruwar jini ce.

Alƙaluma sun daɗe da nuna nauyin lokaci a wannan fage. A 1981 likitocin Richmond da ke jihar Bajiniya ta Amurka sun wallafa sakamakon majinyata 82 da ke cikin suma saboda jinin da ya taru a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata kafin cikar awa huɗu, kashi 30 cikin ɗari ne suka rasu. Cikin waɗanda aka wuce awa huɗu, kashi 90 ne.

Ko ɗigon idanu biyu sun tsaya, ba lallai ne a ce an gama ba. Wani nazari da aka wallafa a Birtaniya a 2015, wanda ya tattara rahotannin baya, ya gano cewa cikin masu taruwar jini tsakanin ƙashi da tantani da aka yi wa tiyata bayan ɗigon idanunsu biyu sun daina motsi, fiye da rabi sun warke da kyau. A masu taruwar jini ta ƙarƙashin tantani kuwa, waɗanda suka samu irin wannan sauƙi ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba. Alama ɗaya ce, amma makomar ta danganta da abin da ke bayanta da kuma saurin kai ɗauki.

Maki biyu masu nauyi

A asibitocin duniya, har da na Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai, ana auna zurfin suma da ma'aunin Glasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974. Ana ba majinyaci maki a kan abu uku: buɗe ido, magana, da motsin jiki. Mai cikakken hankali na da 15, wanda ba ya amsa komai na da 3.

A 2018 Teasdale, tare da Paul Brennan da Gordon Murray, suka ƙara masa lissafin ɗigon ido. Tsarin mai sauƙi ne: in ɗigo ɗaya ba ya motsi a cire maki 1, in duka biyun ne a cire 2. Sun gwada shi a kan bayanan majinyata sama da 15,000. Waɗanda ke da maki 3 a tsohon ma'auni, kashi 51 cikin ɗari ne suka rasu. Waɗanda suka sauka zuwa maki 1 a sabon lissafi, kashi 74 ne.

Wani babban gwaji mai suna CRASH-3, wanda Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta jagoranta, ya ƙara fito da muhimmancin abin. Ya ƙunshi majinyata 12,737 a asibitoci 175 na ƙasashe 29, ciki har da Najeriya da Kamaru, aka kuma wallafa shi a 2019. An gwada tranexamic, wani magani mai araha da ke rage zubar jini. Amfaninsa ya fito ne a jikin waɗanda aka ba su cikin awa uku da samun rauni, masu rauni mai sauƙi ko matsakaici, waɗanda ɗigon idanunsu ke motsi. Ke nan amsar da 'yar tocila ta bayar tana shiga lissafin magani, da na tiyata, da abin da za a gaya wa dangi a bakin ƙofa.

Inda tocila ke gazawa

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce, wannan amsa mai nauyi, daidai ake karanta ta?

DaiWai Olson, ma'aikacin jinya ne kuma mai bincike a Dallas ta jihar Texas. Shi da abokan aikinsa sun sa ma'aikata biyu-biyu suna duba idon majinyaci ɗaya a jere, ba tare da wani ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba, sannan a auna da na'ura. Sun tara irin wannan gwaji 2,329, suka wallafa a 2016. Yarjejeniya tsakanin masu dubawar ba ta wuce tsaka-tsaki ba, kuma ta fi rauni a kan batun ko ɗigon na motsi. Abin da ya fi ɗaukar hankali: cikin ɗigon da ma'aikata suka ce ba sa motsi, kashi ɗaya cikin uku ne kawai na'urar ta tabbatar. Sauran suna motsi, ido ne bai kama ba.

A wannan shekarar, likitoci a Faransa ƙarƙashin David Couret sun yi awo 406 a kan majinyata 59. Na'ura ta gano bambancin girma tsakanin idanu biyu sau 30, ma'aikatan jinya sun kama 15 ne kacal. Kuskure ya fi yawa idan ɗigon ƙarami ne.

Ba ganganci ba ne ko rashin ƙwarewa. Bambancin da ake nema milimita ɗaya ne, wani lokaci ƙasa da haka, cikin motsin da ke ƙarewa kafin mutum ya ƙifta. Tocilar wani ta fi ta wani haske, batirin wata ya yi sanyi, wani ya matso da ita daf da ido, wani ya tsaya nesa. Hasken ɗaki da rana dabam, da ƙarfe uku na dare dabam. Kalmomin da ake rubutawa a takarda kuwa uku ne: yana sauri, yana nawa, ba ya motsi. Abin da nas ɗin safe ta kira nawa, na dare na iya kiransa lafiya lau.

Sai kuma launin ido, wanda ya shafi kusan kowane Bahaushe. A idon Bature mai ruwan bula ko kore, iyakar ɗigo a fili take. A idon baƙar fata kuwa, zoben da ke kewaye da ɗigon ruwan ƙasa ne mai duhu sosai, har yakan saje da baƙin tsakiya. Mai dubawa na neman baƙi ne a cikin abin da ya kusa zama baƙi.

Yadda na'urar ke aiki

Tushen wannan fasaha ya faro daga mutum biyu da mulkin Hitila ya kora daga Jamus. Otto Lowenstein likitan ƙwaƙwalwa ne a Bonn, ya tsere a 1933, ya isa New York a 1939. A can Irene Loewenfeld, haifaffiyar Munich, ta fara aiki a ɗakin bincikensa. Da farko fim suke ɗauka na ido, sannan su zauna suna auna ɗigon hoto bayan hoto da hannu. Zuwa 1958 sun bayyana wata na'urar lantarki mai amfani da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, saboda haka ɗigon ba ya tsukewa dominsa. Lowenstein ya rasu a 1965, Loewenfeld ta ci gaba har ta wallafa littafi mai juzu'i biyu a kan ɗigon ido kaɗai a 1993. Na'urarsu ta ɗakin bincike ce, ba ta ɗaukuwa zuwa bakin gado. Sai da kyamarori da kwamfuta suka ƙanƙance sannan aka samu ta hannu.

Wadda ta fi yaɗuwa a yau ta kamfanin NeurOptics ce da ke Kalifoniya, mai samfura irin su NPi-200 da NPi-300. A Marseille ta Faransa kuma kamfanin IDMed na ƙera NeuroLight. Hannu ɗaya ke riƙe ta. Tana da allo a baya, da kyamara a gaba, da wata 'yar roba da ake maƙala wa a bakinta. Nas za ta ɗaga fatar ido, ta jingina robar a kan ƙashin kumatu don tazarar ta zama ɗaya kullum, ta danna maɓalli har hoton idon ya daidaita a tsakiyar allo, sannan ta saki. Farin haske mai ƙarfi da tsawo ƙayyadaddu ya walƙa. Kyamarar ta ɗauki hoto wajen 30 a kowace daƙiƙa, na tsawon kusan daƙiƙa uku. Sai a juya ɗaya idon.

A ƙarƙashin hasken infared, sinadarin da ke sa ido ya yi duhu ba ya shanye haske kamar yadda yake yi a hasken rana. Zoben ido mafi duhu sai ya fito fari-fari a allo, ɗigon ya zauna baƙi ƙirin a tsakiya. Matsalar da ta fi damun mai tocila a Afirka, na'urar ba ta san da ita ba.

Allon zai nuna faɗin ɗigon kafin haske, da mafi ƙanƙantar da ya kai, da jinkirin da ya yi kafin ya fara motsi, da saurin tsukewa, da saurin sake buɗewa. Na'urar NeurOptics na haɗa waɗannan ta fitar da lamba ɗaya tsakanin 0 da 5, wadda ake kira NPi. Daga 3 zuwa sama ana ɗauka lafiya ne, ƙasa da 3 akwai matsala, 0 kuwa ba motsi. Bambancin 0.7 tsakanin ido da ido shi ma abin lura ne. Robar da ke bakin na'urar ta majinyaci ɗaya ce, tana kuma ɗauke da bayanan duk awon da aka yi masa. Saboda haka likitan da ya karɓi aiki da dare zai iya ganin cewa idon hagu ya sauka daga 4.4 zuwa 3.9, zuwa 3.3, alhali a idon mai tocila duk ukun motsi ne mai kyau. A wannan gangara da ake gani tun kafin a kai ƙasa ne babban amfanin na'urar yake.

Abin da bincike ya tabbatar, da iyakarsa

A 2011 Jeff Chen da abokan aikinsa a Amurka sun bi majinyata 134. Sun ga cewa waɗanda lambarsu ta lalace sun fi samun hauhawar matsi a cikin kai, kuma lalacewar na rigan ƙololuwar matsin da kusan awa 16 a matsakaici.

Wani babban gwaji shi ne ORANGE, wanda Mauro Oddo na Lozan a Suwizalan da Giuseppe Citerio na Italiya ke cikin jagororinsa, aka wallafa shi a mujallar Lancet Neurology a 2023. An bi majinyata 514 a asibitoci 13 na ƙasashe takwas, 224 daga cikinsu masu buguwar kai ne. Ana auna su duk bayan awa huɗu har kwana bakwai, aka tara awo sama da 40,000. Kusan rabinsu lambarsu ta sauka ƙasa da 3 aƙalla sau ɗaya, kuma yawan saukar ya tafi tare da yawan mace-mace da naƙasa bayan wata shida.

Sai dai da aka sake nazarin bayanan wannan gwaji, an ga cewa lambar ba ta bin matsin cikin kai sau da ƙafa. Matsi na iya hawa ɗigon ido bai nuna ba. Don haka ba ta maye gurbin siririn bututun da ake sakawa ta ƙoƙon kai don auna matsi kai tsaye, wanda ƙa'idojin Gidauniyar Raunin Ƙwaƙwalwa ta Amurka suka ce a ɗauki mataki idan matsin ya wuce 22. Ba ta kuma maye gurbin hoton CT. Akwai masu sukar cewa kamfanin bai bayyana lissafin da yake fitar da lambar ba, kuma lambar kamfani ɗaya ba ta daidai da ta wani.

Akwai kuma abubuwan da ke rikita tocila da na'ura baki ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da ɗan bambanci tsakanin idanunsa aka haife shi. Kodin da danginsa na masu kashe zafi suna tsuke ɗigon ido ya zama ɗan mitsitsi. Zaƙami kuwa wage shi yake yi, haka ma wasu magungunan ɗigawa da ake sa wa a asibitin ido. Wanda aka taɓa yi wa aikin yanar ido, ko mai hawan jinin ido, ko wanda ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, ɗigonsa na iya ƙin amsawa yadda ya kamata. Bugu a kan idon kansa na iya tsayar da ɗigon alhali ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau. In fuska ta kumbura har ido ya ƙi buɗuwa, babu abin da za a auna. Shi ya sa ɗan'uwan da ya ɓoye wa likita abin da majinyaci ya sha, don gudun abin kunya, yana iya karkatar da dukkan aikin.

Kuɗi, nisa da wayar hannu

Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2018 ya ce mutum miliyan 69 ne ke samun raunin ƙwaƙwalwa ta hanyar buguwa a kowace shekara a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke da kaso mafi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a. A Najeriya, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra na nuna mutuwar sama da mutum 5,000 a shekara a kan tituna. Hular kwano, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari, har yanzu ba ta zauna a kan jama'a ba. Lokacin da aka tilasta sa ta a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sanye da ƙwarya don kauce wa kamu.

Tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya ta faro ne a 1962, lokacin da Latunde Odeku ya kafa sashenta a asibitin koyarwa na Ibadan. A Arewa akwai cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akwai kuma sassa a Kano da Zariya da wasu manyan birane. Amma likitocin wannan fanni ƙalilan ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma a birane suke. Wanda ya yi haɗari a hanyar ƙauye, ƙaramin asibiti zai fara sauka, inda ba hoton CT, inda babbar shawara ita ce a riƙe shi ko a tura shi gaba. A irin wannan wuri ne lamba tabbatacciya, wadda za a karanta wa likitan birni ta waya, za ta fi amfani. Kuma a nan ne ta fi wuyar samu, domin kuɗin na'urar dubban daloli ne, ga robar da ake sauyawa ga kowane majinyaci.

Wannan giɓi ya sa masu bincike suka juya ga wayar hannu. A 2017 wata tawaga a Jami'ar Washington da ke Seattle, ciki har da Alex Mariakakis, Shwetak Patel da likita Lynn McGrath, ta gabatar da manhajar PupilScreen. Filashin waya ne ke haska ido, kyamara ta ɗauki bidiyon daƙiƙa uku, ƙirƙirarriyar basira ta auna ɗigon a kowane hoto. A gwajin farko sun yi amfani da wani ɗan akwati da ake kifa wa a fuska don tare hasken waje.

Kyamarar waya dai da hasken da ido ke gani take aiki, don haka tsohuwar matsalar baƙin ido ta dawo. A 2023 Colin Barry da Edward Wang na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun nuna wata mafita mai araha: 'yar matata da ake maƙala wa a kan kyamara, wadda ke barin jan haske na can ƙarshen abin da ido ke iya gani ne kawai ya wuce. A wannan haske zoben ido mai duhu yakan washe, ɗigon ya fito sarai. Har yanzu manhajojin waya na matakin gwaji ne idan aka kwatanta da na'urorin infared, kuma kafin a dogara da su a Katsina ko Maraɗi, sai an gwada su a kan idanu irin na mutanen wurin, a cikin hasken ɗakunan wurin.

A 2025 wani taron ƙwararru da aka yi wa laƙabi da yarjejeniyar Brussels, wanda Chiara Robba ta Italiya ke kan gaba a rubuta sakamakonsa, ya fitar da shawarwari musamman ga asibitocin da ba su da bututun auna matsi. Ma'aunin ɗigon ido na cikin hanyoyin da suka amince da su, tare da sikanin da ke auna kumburin kuben jijiyar gani da wanda ke auna gudun jini a cikin kai, bisa sharaɗin a haɗa su da duba majinyaci da hoto, kada a rataya komai a kan guda ɗaya.

Inda na'urar ba ta kai ba, akwai abin da ke rage kuskure ba tare da kashe kwabo ba: a rage hasken ɗaki, a yi amfani da tocila iri ɗaya, a gwada faɗin ɗigon da zanen milimita da ke jikin takardar lura, a rubuta lamba da lokaci, sannan mai miƙa aiki da mai karɓa su duba idon tare. Ƙa'idar Birtaniya ta ce ko wanda ya dawo cikin cikakken hayyacinsa, in an kwantar da shi, a duba shi duk rabin awa na tsawon awa biyu, sannan duk awa ɗaya na tsawon awa huɗu, daga nan duk bayan awa biyu.

Dangi ma suna da nasu rabon aikin. Wanda aka sallama bayan buguwar kai, in ya fara amai a kai a kai, ko ciwon kai ya ƙaru, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko ya rikice, ko ya yi farfaɗiya, ko wani sashen jikinsa ya saki, a mayar da shi asibiti nan take, kada a jira sai ido ya nuna, domin wagewar ɗigo alama ce ta can gaba. Kuma wanda ya kawo majinyaci ya riƙe lokacin da haɗarin ya faru, da ko ya suma a wurin, da abin da ya sha. Awa ukun tranexamic da awa huɗun tiyata duk daga lokacin buguwar ake ƙirga su, ba daga lokacin isowa ƙofar asibiti ba.